Teburin mai shayi na bakin tashar Tahoua da yadda ake tafiyar da hira a cikinsa

Ba ƙarancin masu shayi ake yi a Tahoua ba, domin daga bakin babbar kasuwa har zuwa hanyar da ta miƙe Agadas da wuya mutum ya yi ƴar tafiya bai ci karo da teburi da gwangwanayen madara a jere ba. Wanda zan yi bayani a kansa yana kusa da tashoshin manyan motocin da ke zuwa Yamai, ƙarƙashin rumfar kwano da aka jingina da bangon wani shago, kuma ba shi da allo balle suna. Na ware shi daga sauran ne saboda wani abu da ba a zubawa a kofi, wato tsarin da mai wurin ya ɗora hirar dare a kansa, wanda ya sa tsoho da matashi, mai kuɗi da ɗan kabu-kabu, suke iya yin gardama mai zafi a kan benci ɗaya su kuma tashi suna yi wa juna sai da safe. A ganina wannan tsari shi ne ainihin hajar da ake sayarwa a wurin, kuma a kansa ya kamata a auna shi.

Abin ci da na sha ba sa buƙatar dogon bayani. Daga bayan sallar asuba zuwa hantsi akwai Lipton da madara, akwai Nescafé, akwai dogon burodi da ake kawowa da ɗuminsa, sannan akwai wainar ƙwai da ake yanka mata jar albasar Galmi a gaban mai saye. Mai wurin yana tambaya kafin ya zuba madarar gwangwani mai zaƙi, abin da masu ciwon sukari za su yaba, domin a wurare da yawa sai dai mutum ya tarar an riga an cika masa rabin kofi da ita. Farashinsa bai fi na maƙwabtansa ba, kuma da abin da bai kai rabin jika ba, wato sefa 500, matafiyi zai karya kumallo ya ƙoshi. Aibu biyu na gani a wannan ɓangare: man da ake zuba wa waina ya yi yawa, kuma ruwan da ake ɗauraye kofuna a ciki yakan daɗe ba a sauya shi ba idan motoci suka yi lodi a lokaci ɗaya. Na biyun ya fi damuna, kuma gyaransa bai wuce ƙarin bokiti ɗaya da ɗan sabulu ba.

Bayan sallar isha'i ne wurin yake zama abin da ake zuwa dominsa. A lokacin ne ake jan teburin gefe, a fito da bencina biyu da tabarmi, a hura gawayi a ƙaramin murhun waya, a ɗora buta da koren ganyen shayi na ƙasar Sin. Zagaye uku ake yi kamar yadda kowa ya sani, na farko mai ɗaci da ƙarfi, na biyu da na'ana'a, na uku mai sauƙi da zaƙi, kuma mai wurin ba ya gaggawa a kan ko ɗaya, yana ta ɗaga buta sama yana juyawa daga finjali zuwa finjali har kumfa ta tsaya. Shayinsa na farko yana da kyau ƙwarai, bai ƙone ba kuma bai yi salam ba, amma wanda ba ya son rasa barci gara ya jira na biyu. Ba a sayar da wannan shayi da finjali. Ƴan gida ne suke karo-karo na ganye da sukari da gawayi, baƙo kuma ba a karɓar komai a hannunsa a darensa na farko, ribar mai wurin tana fitowa ne daga waina da burodi da masu hira suke saye idan dare ya yi nisa.

Wannan salon zama ba shi ya ƙirƙiro shi ba. Fadojin matasa, wato majalisun da samari ke zama suna hira da shan shayi, sun yawaita a garuruwan Nijar ne a shekarun da suka biyo bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, lokacin da bakin jama'a ya buɗe, jam'iyyu suka yawaita, gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara aiki, aikin yi kuma ya yi wa masu takardun makaranta wuya. Sai dai fada ta tsararraki ce, waɗanda suka taso tare suka san iyakar juna, galibi kuma suna da shugaba da ma'aji. Teburin mai shayi kuwa na kowa ne, duk wanda ya yi sallama yana da haƙƙin zama, daga direban da ya kwana a hanyar Ƙonni zuwa ɗalibin Jami'ar Djibo Hamani da ya zo cajin waya. Taron da ba shekaru ba ne suka haɗa shi, ba sana'a ba, ba aƙida ba, idan babu hannun da ke riƙe da shi, ba ya daɗewa kafin masu ƙarfin murya su mamaye shi, masu hankali kuma su janye ɗaya bayan ɗaya. Na ga teburori da dama a garin nan da suka mutu ta wannan hanya alhali shayinsu ba shi da laifi.

Abin da ya fi burge ni shi ne mai wurin ba ya ɗaga murya, kuma da wuya ya ce wa wani ya yi shiru. Finjalan da yake aiki da su kaɗan ne, saboda haka duk wanda aka miƙa wa dole ya sha da wuri ya mayar domin na kusa da shi yana jira. Idan ya ga wani ya fara ɗaukar zafi, jijiyar wuya ta fara tashi, sai ya saɓa layi ya miƙa masa finjali, kuma a cikin ɗan lokacin da mutumin yake hura shayi yana kurɓa, abokin gardamarsa ya sami damar ƙarasa maganarsa, zafin kuma ya sauka. Idan matashi ne ya ƙi sauka, yakan aike shi sayen gawayi ko ƙanƙara, aiken da ba wanda zai iya ƙinsa a gaban manya. Idan abin ya wuce haka sai ya kira mutum da girmamawa, ya ce, “Malam, a yi haƙuri, a bar Baba ya ƙarasa,” ko kuma ya ƙara muryar rediyo kaɗan, kowa kuma ya san ma'anar hakan. Hukunci mafi tsanani da ake yi a zaune shi ne finjali ya tsallake mutum a zagaye. Ba a faɗin dalili, ba a kuma tattauna shi, amma duk wanda aka yi wa haka yakan kama kansa har a tashi. Kora tana faruwa amma ba safai ba, kuma ba ta dindindin ba ce: wanda aka ce ya huta yakan dawo bayan ƴan kwanaki tare da wani dattijo da zai yi masa magana, a yi musafaha, a wuce wurin ba tare da an sake tono zancen ba. Wannan ƙofar dawowa tana da muhimmanci a gari irin namu, inda wanda ka kora yau shi ne za ku haɗu da shi gobe a wurin suna ko jana'iza.

Dokokin ba a rubuce suke ba, amma wanda ya ɗan zauna zai gane su. Ba a zagin iyaye. Ba a kawo maganar matar wani ko ƴar wani. Gardamar aƙida, musamman tsakanin ƴan Izala da ƴan ɗariƙa, ana tsayar da ita tun tana jaririya, mai wurin yakan ce a kai wa malamai, shi shayi ya iya. Na goyi bayansa a kan wannan ɗari bisa ɗari, domin ban taɓa ganin irin wannan gardama ta ƙare da wani ya ƙaru ba, sai dai ta bar ƙullaci da ke bin mutane har masallaci.

Inda gwanintarsa ta fi fitowa shi ne wajen rarrabe wasan taubasantaka da ƙabilanci, domin a kunnen baƙo kalmomin iri ɗaya ne. Bafulatani da Ba'are suna iya kwashe rabin dare kowa yana cewa ɗayan bawansa ne, haka Bazabarme da Bagobiri, haka Bafulatani da Babarbare, haka Buzu da Bazabarme, kuma ba wanda zai tanka sai dariya. Wannan al'ada ce da hukumar UNESCO ta sanya a jerin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, amma a kan wannan benci aiki take yi na yau da kullum, domin sau da yawa da ita ake kashe wutar da ta taso daga wani wuri dabam: gardama ta yi tsami tsakanin mutum biyu, sai taubashin ɗayansu ya jefo tsokana, wanda aka tsokana kuma ba shi da damar fushi. Mai wurin ya san wa ke da haƙƙin taɓa wa. Idan wanda ba taubashi ba ya ari irin wannan magana ya jefi wata ƙabila da ita, nan take za a ji ya tambaye shi ko akwai wasa tsakaninsu, kuma tambayar kaɗai ta isa ta nuna wa mutum ya taka inda ba nasa ba. Babu wata rubutacciyar doka da za ta iya yin wannan aiki, sai mutum da ya san jama'arsa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma batun labari, wanda ya ƙara nauyi a ƴan shekarun nan. Dattawan wurin sun tashi ne da sauraren sassan Hausa na rediyoyin waje tare da Muryar Sahel, kuma sun saba da labarin da aka san bakin da ya fito. Tun da aka dakatar da RFI a ƙasar a watan Agustan 2023, aka kuma dakatar da BBC na wata uku a watan Disamban 2024, saƙonnin murya da ake turawa daga waya zuwa waya suka ƙara samun kasuwa, kowane dare sai wani ya zo da labarin an rufe hanya kaza, ko an kai hari gari kaza, ko buhun hatsi zai ninka kuɗi kafin Juma'a. Dokar wurin a kan wannan gajera ce: “Wa ya faɗa?” Wanda ya kawo labari sai ya faɗi inda ya samo shi, kuma “an turo mini” ba amsa ba ce da ake karɓa. Ba a kunna saƙon murya a bainar jama'a sai da iznin mai wurin. Idan labarin ya shafi hanya ko farashi, akwai direbobi da ƴan kasuwa a zaune waɗanda suka baro Tsernawa ko Ƙonni a ranar, su ake tambaya, kuma maganarsu ta fi ta waya daraja. Wanda kuma ya dage a kan labari har ya bayyana ƙarya ne, tararsa ita ce ya sayi sukarin daren gobe. Tara ce mai sauƙi, ba ta kunyata kowa, amma na lura waɗanda suka taɓa biyanta sun koyi cewa “na ji, amma ban tabbatar ba” kafin su buɗe baki.

Doka mafi tsauri ita ce ta ɗaukar murya ko hoto. Wanda aka gani yana naɗar hirar da waya, ko da wasa ne, a ranar zai bar wurin. Dalilin a bayyane yake: ƙasar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma a watan Yunin 2024 an maido da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a ta hanyoyin sadarwa na zamani. Maganar da dattijo ya yi cikin raha a tsakanin mutanen da suka san shi, idan aka yanke ta aka tura, tana iya zama masa abin da zai kwana yana amsa tambaya a kai. Hana naɗar murya daidai ne, kuma shi ne ya sa mutane suke sakin jiki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda taka-tsantsan ɗin yake wuce gona da iri. Tsadar hatsi, ɗaukewar wuta irin wadda aka sha bayan Najeriya ta yanke layin lantarki a 2023, halin da makarantun ƙauye suke ciki, duk waɗannan damuwar talaka ce ta halal, amma da zarar zancen ya doshi tambayar wa ke da alhaki, sai a ji rediyo ta ƙara murya. Na fahimci cewa teburin nan shi ne abincin iyalinsa kuma ba zai so ya rasa shi saboda bakin wani ba, sai dai hirar tana yin asarar wani abu mai daraja duk lokacin da aka katse ta a nan, kuma matasa masu karatu su ne suka fi jin haushin haka.

Kowane taro da ya daɗe yana da ɗabi'unsa, wannan ma haka. Wuraren zama ba a rubuta sunan kowa a kansu ba, amma kowa ya san kusurwar tsohon malamin makaranta, wanda ake kira Mushe har yanzu, kuma shi ake komawa gare shi idan an yi saɓani a kan shekara ko sunan minista. Akwai waɗanda suka yi shekaru suna cin rani a Abijan ko Libiya, kamar yadda Adarawa, mutanen yankin Tahoua, suka saba, waɗanda kowane zance sai sun auna shi da abin da suka gani a can, kuma ko da ana yi musu tsiya a kan haka, daga bakinsu ne samarin da ke shirin tafiya suke jin gaskiyar wahalar hanya da ta zaman baƙunta. Akwai mutumin da yake zuwa kullum, ya ba da kuɗin sukarinsa, bai cika cewa uffan ba, amma idan ya yi fashin dare ɗaya sai an aika gidansa a duba lafiya. Akwai kuma mai saurin fushi da yakan rantse ya bar wurin har abada, jibi kuma a gan shi ya dawo, ba wanda yake tuna masa rantsuwar, wannan ma yana cikin ladabin wurin.

Lokacin kokowar ƙasa, wajen ƙarshen shekara, shi ne ganiyar wurin, shi ne kuma lokacin da tsarin yake yin rauni. A nan Tahoua aka fara gasar takobi, wadda ake ba zakaranta takobi, a 1975, kuma mutanen garin ba su taɓa mantawa da haka ba. Ana fito da talabijin, jama'a su cika har bakin hanya, ƴan kokowa 80 daga jihohi 8 kowa da nasa gwani. Tsohuwar gardamar nan ta dawo sabuwa: dattawa suna cewa ba a sake yin kamar su Kantu na Maraɗi da Kadade na Tahoua ba, matasa suna cewa yawan takubban Issaka Issaka na Dosso ya rufe bakin kowa. Ba a taɓa raba wannan gardama ba kuma ba wanda yake so a raba ta. Matsalar ita ce mai wurin kansa ɗan Adar ne na gidi, kuma idan ɗan Tahoua ya shiga fili, hannun da ke rabon finjali da adalci duk shekara sai ya karkata, wanda ya zo yana goyon bayan wata jiha yakan ga an bar mutum biyar sun yi masa ca ba a miƙa wa ko ɗayansu shayi ba. Abin bai kai ga faɗa ba, amma baƙo daga Yamai ko Damagaram ya kamata ya san haka kafin ya zauna.

Aibin da na fi ɗauka da girma shi ne na kuɗi. Akwai littafin bashi, kuma alheri ne babba ga ƴan kabu-kabu da leburorin tasha da ba kullum suke samu ba. Amma wanda sunansa ya yi nauyi a littafin yakan rage magana da kansa, ko da shi ne mai gaskiya a zancen, yayin da Alhajin da yakan biya wa kowa waina yake samun igiya mai tsawo: yana katse mutane, yana maimaita labari ɗaya, kuma ban taɓa ganin finjali ya tsallake shi ba. Mai wurin ba ya wulaƙanta wanda yake bi bashi, ba ya kuma ambaton bashi a gaban jama'a, wannan na shaide shi a kai. Sai dai dokar da ake sassauta wa mai hannu da shuni tana rage wa sauran dokokin kwarjini, kuma matasan wurin suna gani ko ba su faɗa ba.

Sabon zuwa ma yana da ɗan aiki a gabansa. Ana karɓarsa da fara'a, ana ba shi shayi, amma ana sa ran ya yi ƴan darare yana saurare kafin ya shiga gardama, kuma wanda ya faɗo tsakiyar zance a daren farko yakan gamu da shiru mai sanyi. Akwai kalmomi da tsokana da suka samo asali daga abubuwan da suka faru shekaru da suka wuce, ƴan gida su fashe da dariya, baƙo ya rasa abin da ake yi wa dariya, kuma ba wanda yake ɗaukar nauyin yi masa bayani. Game da mata kuwa, zaman dare na maza ne zalla kamar sauran irinsa a garin. Da safe dai akwai benci a gefe da ake bar wa mata matafiya, kuma mai wurin yana sallamarsu kafin maza idan motarsu ta kusa tashi, abin da ya cancanci a ambata.

Wanda yake neman wurin da zai yi karin kumallo cikin sauri kafin motar Yamai ta tashi zai sami biyan buƙata, in dai ya zo da kofinsa ko ya nemi a ɗauraye masa da sabon ruwa. Wanda yake son hirar kuwa ya zo bayan isha'i, ya yi sallama ga kowa, ya bar kusurwar bango ga masu ita, ya sa wayarsa a aljihu. Daren Lahadi, ranar kasuwar gari, ya fi cika da baƙi da labaran ƙauyuka, amma hayaniya ta fi yawa kuma ƙwai yakan ƙare da wuri. Tsakiyar mako ya fi dacewa da mai son jin dattawa sun baje zance. Daga dare na biyu ana sa ran baƙo ya sa hannu a kuɗin sukari, kuma dala 20, wato sefa 100, ta wadatar.